Bidiyon Gonar Malama Rifkatu

Cikin ranakun da ban taɓa mantawa da su ba a wannan sana'a, ranar da na goge wa Malama Rifkatu wayarta ita ce a gaba. Na ga abubuwa kam. Na ga wayar da ta faɗa cikin tukunyar miya, na ga wadda sa ya taka a kasuwar shanu, na ga mutumin da ya kawo wayar matarsa a cire mata makulli yana ta rantsuwa tasa ce. Duk waɗannan sukan wuce, a yi dariya a manta. Ita wannan ba ta wuce ba, shi ya sa duk lokacin da sababbin hannu suka shigo layin nan nakan zaunar da su in ba su labarin. Ku da kuka riga kuka ji, ku yi haƙuri ku sake ji.

A lokacin ina aiki a shagon Oga Bakari, nan layin masu waya kusa da kasuwar Mubi. Teburi uku ne a shagon, kuma kowane teburi matsayi ne. Na bakin ƙofa shi ne teburin tura-tura, inda ake saka wa mutane waƙoƙi da finafinai da wa'azi a waya. Duk wanda ya shigo aikin daga nan yake farawa. Na tsakiya shi ne na sofwaya, inda ake gyara abin da ya lalace a ƙwaƙwalwar waya ba tare da an kwance ta ba. Na can ciki shi ne na Injiniya Zira, dattijo mutumin Michika, wanda ke buɗe waya ya taɓa fanel ɗinta, wato allon da ke ɗauke da kayan cikinta, da ƙarfen narka dalma. Shi ne babbanmu bayan Oga, kuma ba ya son surutu. Ni na yi shekara uku a bakin ƙofa, har sunana ya koma Sa'idu Tura, kafin a matsar da ni teburin tsakiya bayan sabuwar shekara.

Akwai wata al'ada ta masu tura-tura da ya kamata ku sani, don labarin a kanta ya rataya. Mai tura-tura jarinsa shi ne tarin abin da yake da shi. Idan wani ya zo neman waƙar biki ta Fulatanci ko ta ƙauyensu ka ce babu, gobe shagon gaba zai je. To ina muke samo su? A wayoyin mutane. Mutum zai miƙo maka wayarsa a saka masa abu, kai kuma kana jona ta da kwamfuta sai ka kwashe duk abin da ke cikinta ka zuba a had-dis ɗinka, wato ɗan akwatin ajiyar nan da ke shiga aljihu. Niyyar ita ce daga baya ka zauna ka tsince waƙoƙi ka goge sauran. Amma wa ke da lokacin tsincewa? Sai foldoji su yi ta taruwa, hotunan mutane da saƙonninsu da takardunsu duk suna ciki. Kusan kowa a layin yana yi, kuma ba wanda ke faɗa.

Oga Bakari ya hana wannan a shagonsa. An taɓa yin abin kunya a wani shago, hotunan wata matar aure suka fita gari, mai shagon ya tattara ya bar Mubi. Tun daga nan Oga ya kafa doka biyu. Ta farko, wanda aka kama ya kwafi kayan mai waya ba da izininsa ba, ya kama gabansa a ranar. Ta biyu, ba a yi wa waya filashin sai an gaya wa mai ita baki da baki cewa duk abin da ke cikinta zai tafi, ya ce ya yarda. Filashin, ga wanda bai sani ba, shi ne a share ƙwaƙwalwar waya tas a zuba mata sabon tsari, ta dawo kamar ranar da aka saye ta. Ni dokar farko na daɗe ina taka ta a ɓoye. Ta biyun kuwa a ranar nan na taka ta.

Farkon damina ne, ranar kasuwar shanu, shago ya cika har bakin titi. Wajen hantsi wata mata ta kutso ta tsaya a gabana. Ba ta wuce shekara arba'in ba, da jakar leda a hannu da tabon alli a gefen zaninta. Ta ce sunanta Rifkatu, malamar firamare ce a wani ƙauye bayan Gella. Wayarta tun jiya idan ta kunna sai ta tsaya a kan tambari, ba gaba ba baya.

"Malam Sa'idu, ka taimaka ta tashi yau," in ji ta. "Jibi ina da zama, kuma da ita zan je."

Na ji maganar, amma ban saurare ta ba. Waya shida ke jirana a kan teburi. Na ce ta shiga kasuwa ta yi sayayyarta, ta dawo bayan azahar. Na manna salatif a bayan wayar, na rubuta sunanta.

Wayar da ta maƙale a tambari tana da hanyoyin gyara. Akwai ta lallaɓawa, wadda za ka sake zuba tsarin a hankali ka bar kayan mai ita, amma tana cin lokaci kuma ba kullum take yi ba. Akwai ta yanke, wato a share komai. Na zare memori na ajiye a gefe, na ce a raina ai duk abin da take ji da shi yana nan ciki, na bi ta yanke. Kafin in gama shan ruwan leda waya ta tashi garau. Har na yaba wa kaina.

Da ta dawo na miƙa mata. Ta yi godiya, ta tsaya nan a gabana tana lallatsawa. Na ga ta shiga wurin hotuna ta fito, ta sake shiga. Sai ta ɗago.

"Ina bidiyon Baba?"

Na dake. Na ce yana cikin memori, bari mu duba. Na saka memorin a kwamfuta. Waƙoƙi ne kawai a ciki, da wasu hotunan ɗalibai guda biyar ko shida. Bidiyon a cikin wayar kanta yake, kuma ni na share shi da hannuna awa uku da suka wuce.

Muka bi hanyoyin da ake bi. Na tambaye ta imel ɗinta, ta ce mai shagon da ya sayar mata da wayar ne ya buɗe mata, ya rubuta lambar sirrin a 'yar takarda, takardar kuma ta daɗe da ɓata. Wannan ba sabon abu ba ne, rabin mutanen da ke zuwa mana haka suke. Muka yi amfani da layinta muka karɓo imel ɗin. Lambobin mutane suka dawo duka. Hotuna da bidiyo kuwa babu ko ɗaya, don an kashe ajiyar da ke tura su intanet. Kuma ku san mu ne muke kashe wa mutane ita, don kada su dawo suna ƙorafin waya na shanye musu data. Na tambaya ko ta taɓa tura wa wani. Ta ce bidiyon yana da tsawo, ya ƙi tafiya, ƙannenta kuma ƙananan wayoyi masu madanni ke hannunsu.

Na kai wa Injiniya Zira. Ya juya wayar sau ɗaya ya miƙo mini. Ya ce wayoyin yanzu kulle kayansu suke yi da wani mabuɗi na ciki, filashin kuma mabuɗin yake fara jefarwa. Ko an tono abin da ya rage, ba mai iya karanta shi. "An goge, an goge," in ji shi. Ya koma kan aikinsa.

Oga Bakari ya taso daga kujerarsa. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Ka gaya mata kafin ka taɓa?"

"Ban gaya mata ba, Oga."

Ya juya wajen Malama. Ya sa aka ba ta kujera, ya ba ta haƙuri da kansa. Na yi zaton za ta ɗaga murya, da ma ta ɗaga da na fi samun sauƙi. Sai ta zauna ta ɗora jakar ledar a cinya ta yi mana bayani a tsanake, kamar tana gaban aji.

Gonarsu tana bakin mayo, wato rafi, kuma ɓangaren da ke kusa da ruwan shi ne ran gonar. Nan mahaifiyarta ke yin shinkafa da damina, ta yi lambu da rani, da shi ake ci a gidan. Daminar bara ruwa ya ci gaɓa ya kwashe duwatsun da ke nuna iyakarsu da maƙwabcinsu. Mahaifinta yana fitowa daga asibiti, bayan an cire gyaɗa, ya ce ta ɗauko wayarta su je gona. Ya kira maƙwabcin, shi ma tsoho ne, abokinsa tun suna yara. Su biyun suka bi iyakar da ƙafa daga farko har ƙarshe suna nunawa, ita kuma tana ɗauka. Maƙwabcin ya rasu kafin ƙarshen shekara, mahaifinta ya bi shi da bazara. Yanzu ɗan maƙwabcin ya dawo daga birni ya sa garma, ya bi inda ya tarar da duwatsun, ya shige da ɓangaren bakin ruwan gaba ɗaya. Ba ta ce mugu ba ne. Ta ce bai san iyakar ba, kuma ba zai yarda da bakin mace da tsohuwa ba. Jauro, wato mai garinsu, ya sa musu zama jibi, ita kuma ta riga ta gaya masa tana da shaida.

Na yi tunanin in ce ita ma da ta faɗa mini tun farko. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Amma ta faɗa ɗin, ni ne ban tambaya ba, don haka na ja bakina.

Tana miƙewa za ta tafi sai ta dube ni. "Ni da na tsallake shaguna na zo wurinka," ta ce. "Kai ka saka mini waƙoƙin zumuntar mata kafin Kirsimeti, ka yi mini aiki mai kyau. Shi ya sa."

Wannan magana ta buge ni fiye da zagi, amma ba ta inda take nufi ba. Kafin Kirsimeti ina teburin bakin ƙofa. Idan wayar nan ta shiga hannuna a lokacin, to na san abin da na yi mata. Na ce ta bar wayar ta dawo gobe da safe, zan sake gwada wata dabara. Injiniya ya ɗago ya kalle ni ta saman tabaransa.

Bayan la'asar Oga ya fita ta'aziyya, shago ya ɗan lafa. Na zaro had-dis daga jakata na jona, na karkatar da fuskar kwamfutar wajen bango. Foldojin ba su da sunayen mutane, wata da rana kawai nake rubutawa. Na yi ta buɗe na watan Disamba ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa zama na kalli abin da na tara ba sai ranar. Ga bikin wasu, ga jaririn wasu, ga takardar asibitin wani, ga wata yarinya tana gwada sabon ɗinki a ɗakinta. Kunya ta kama ni ni kaɗai. A folda ta kusan ashirin na ga hoton yara a layi da malamarsu a gefe. Ita ce.

Bidiyon yana nan lafiya lau. Tsofaffi biyu, ɗaya da sanda ɗaya da fartanya a kafaɗa, suna tafe suna magana da yaren Gude suna haɗawa da Hausa. Ba na jin Gude, amma ba sai an fassara ba. Suka tsaya a gindin wata kanya, maƙwabcin ya dafa ta ya nuna kansa, ya nuna ɗaya gefen ya nuna mahaifinta. Suka gangara har bakin mayo, suka tsaya a kan wani falalen dutse da ruwa ba zai iya ɗauka ba, suka sake yin haka. A ƙarshe suka yi musabaha, mahaifinta ya juyo yana tambayar ko abin ya ɗauka.

Na yi hamdala. Sai kuma murnar ta koma ciki, don na gane halin da nake. Abin da zai ceci gonar shi ne abin da zai kore ni daga shagon. Kafin a kira magariba na shirya ƙaryata tsaf. Na zuba bidiyon a wayarta, na yanke cewa da safe zan ce wata manhaja ce na samu ta tono shi. Ita ta samu shaidarta, Oga ya huce, ni kuma in tashi daga mai laifi in koma gwani. Ban ga wanda zai cutu ba.

Da safe motar farko daga Gella ta kawo ta, tare da mahaifiyarta, wata 'yar tsohuwa da ba ta jin Hausa sosai. Na miƙa wayar na ce Allah ya taimaka, dabarar ta yi. Malama ta kunna. Muryar mahaifin Malama na fitowa tsohuwar ta karɓe wayar, ba ta kalli hoton ba, sai ta kara ta a kunne ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Haka ta riƙe ta har bidiyon ya ƙare.

Oga ya dafa kafaɗata ya ce na fitar da shi kunya. Malama ta ce ba ta san da bakin da za ta gode mini ba. "Ranar Lahadi sai na faɗa a coci," in ji ta, "kuma zan gaya wa malamai. Mutane da yawa sun rasa hotunan 'yan'uwansu, ba su san akwai mai dawo da su a Mubi ba."

A nan ne Injiniya Zira ya kira ni in zo in riƙe masa fitila. Babu abin da yake buƙatar fitila a kansa. Na sunkuya, ya yi magana ƙasa-ƙasa yana kallon fanel ɗin da ke gabansa.

"Wannan abu bai fito daga cikin wayan nan ba. Ni na sani, kai ka sani."

Na gyara riƙon fitilar, ya ci gaba.

"Ba zan faɗa wa Oga ba, ba aikina ba ne. Amma ka ji abin da ta ce. Sati mai zuwa za su zo daga Gella, daga Uba, har daga garinmu. Wata za ta zo, ɗanta ya mutu, hotonsa ya goge. Me za ka gaya mata? Kuma duk layin nan za su daina tambaya kafin filashin, tunda akwai Sa'idu."

Ya karɓi fitilarsa ya kashe. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ba zan ce muku tsoron Allah ne kaɗai ya mayar da ni gaban teburin ba. Akwai shi, amma akwai lissafi ma. Na hango matar da ya ambata tsaye a gabana, kuma na san ramin ƙarya ƙurarre ne. Malama tana ɗaure jakarta na ce ta ɗan dakata, Oga ma ya saurara. Na zaro had-dis ɗin na ajiye a kan teburi. Na ce ba wata manhaja. Abin da aka goge ba ya dawowa. Ranar da ta kawo wayar a saka mata waƙoƙi na kwashe duk abin da ke ciki ba ta sani ba, kuma daga nan na ɗauko bidiyon.

Hannun Oga ya sauka daga kan teburin. Bai dube ni ba, had-dis ɗin yake kallo.

Malama ta ajiye jakarta. Sannan ta ce, "Duka ka kwashe?"

"Duka, Malama."

"Wata nawa yana wurinka?"

"Biyar."

"Wa ya gani?"

"Ba kowa. Ni ma ban buɗe ba sai jiya."

"Haka ka ce," in ji ta. "Nuna mini."

Na juya mata kwamfutar, ta jawo kujera. Ta bi foldar ɗaya bayan ɗaya. Akwai takardun makarantarta da na albashinta. Akwai saƙonnin murya tsakaninta da mijinta. Akwai hotunan mahaifinta a gadon asibiti, ba riga, ƙashin haƙarƙarinsa duk a waje, waɗanda ta ɗauka don ta nuna wa wani likita. Da ta iso kansu ta sa tafin hannu ta rufe fuskar kwamfutar, don kada mu da ke tsaye mu gani. Mahaifiyarta ta tambaye ta wani abu da Gude, ta amsa mata a gajarce. Ban san me ta gaya mata ba, amma tsohuwar ta daina sa mini albarka.

Oga ya ɗauko sabon memori a cikin kwalinsa ya fasa a gabanta. Na zuba mata foldar gaba ɗaya, ta duba da kanta ta tabbatar komai ya shiga. Muka kunna mata ajiyar intanet, muka jira har bidiyon ya hau. Ta canza lambar sirrin imel ɗin da hannunta, muka juya baya, ta rubuta a cikin littafin darasinta. Sannan ta ce in goge tata daga had-dis ɗin tana kallo. Na goge.

Ta nuna sauran foldojin da ke jere har ƙasa. "Waɗannan fa, na su waye?"

Oga ne ya amsa, ya ce in share had-dis ɗin gaba ɗaya, yanzu. A nan na ɗan yi gardama, kuma har yau ina mamakin ƙarfin halina. Na ce Oga, ga shi dai ya yi rana yau, wa ya sani ko akwai wani da wayarsa ta lalace, abinsa yana nan ciki.

"Sun ba ka ajiya ne?" in ji shi.

Na share. Waƙoƙin da na tara shekara uku suka bi sauran, don ba yadda za a yi a tsaya tsincewa. Bai ɗauki minti biyu ba.

Malama ta tashi, ta yi wa Oga da Injiniya sallama. Ta iso kaina ta tsaya. Ta ce, "Na gode da ka faɗa." Ta kama hannun mahaifiyarta suka fita neman motar Gella.

Bisa doka korata ya kamata a yi. Oga ya ce da shi ya kama ni da ko sallama ba zan tsaya yi ba, amma tunda bakina ne ya faɗa, in je gida in huta wata guda. Da na dawo bai mayar da ni teburin tsakiya ba. Ya ajiye ni gefen Injiniya ina canza sikirin da bakin caji, aikin da ba ya buƙatar a buɗe wayar kowa. Na fi rabin shekara a haka. Labari kuma ya zaga layi, kun san halin layin nan. Wasu suka ce na yi wauta, ga suna ya zo har gida na kore shi. Amma na lura a makon an yi ta share had-dis a shaguna, a ɓoye.

Yadda zaman ya kasance, wani direban motar Gella ne ya fara ba mu labari. Ya ce Jauro ya sa an kunna bidiyon a gaban dattawa. Ɗan maƙwabcin yana ganin mahaifinsa ya dafa kanyar nan sai ya sunkuyar da kai. Bai yi musu ba. Ya roƙi a sake kunna masa, ya kalla har sau uku, sannan ya roƙi Malama ta tura masa, don shi ba shi da ko hoto ɗaya na tsohon yana tafiya. Washegari da kansa ya mayar da kunyar gonar inda take.

To, abin da na ɗauka daga wannan shi ne abin da kuke gani a shagona yanzu, wanda wasunku ke cewa ɓata lokaci ne. Ba a taɓa waya sai an tambayi mai ita me ke ciki da ba ya son rasawa, kuma a jira ya amsa, ko da layi ya kai titi. Mutanenmu ba za su ce maka "ina da bayanai" ba. Za su ce maka jibi suna da zama, ko kuma wayar ta marigayi ce, kai ne za ka ji. Idan za a yi ajiya, a yi ta a gabansa, a cikin memorinsa, ya tafi da abinsa. Lambar sirri da hannunsa zai rubuta. Mai kawo maka waya bai san fanel ba, bai san filashin ba, ya dai miƙa maka ne don ya ga fuskarka ya yarda. Kuma kada wani ya fita daga nan yana cewa ai kwafar Sa'idu ce ta ceci gona. Da na yi tambayar da aka ce in yi, da ba a kai ga buƙatarta ba.

Bayan kaka Malama Rifkatu ta sake zuwa shagon. Ina gefen Injiniya ina manna sikirin. Ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi iyali, ta sauke wani ƙullin leda a gabana. Shinkafa ce 'yar gida, kwano biyu, ta ce daga bakin mayo take, Mama ta ce a kawo mini. Na yi godiya. Sai ta zaro wayarta ta ce bakin cajin yana wasa. Aikina ne a lokacin, na miƙa hannu. Ta tsallake hannuna ta ba Injiniya Zira, ta jawo kujera ta zauna tana kallonsa har ya gama.

Shekaru ke nan. Har yanzu idan ta shigo Mubi takan biyo ta gaishe ni, wani lokaci da gyaɗa, wani lokaci da kuɓewa. Wayarta kuwa ba ta sake shiga hannuna ba, kuma ban ga laifinta ba.